Mai Gadin da Bai San 'Yan Gida Ba: Yadda Fom ɗin Intanet Ke Tantance Abin da Muke Rubutawa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon intanet lokacin rajistar jarrabawa ko neman aikin gwamnati ya san wannan yanayi. Layi ya miƙe har bakin titi, janareta na ruri, kowa na riƙe da takardunsa a leda. Mai shago ya duƙufa a kan kwamfuta yana cike wa wata ɗaliba fom. Ya sa suna, ya sa ranar haihuwa, ya sa lambar waya, ya danna maɓallin aikawa. Sai gurbin suna ya yi ja. Ya sake dannawa, ya sake yin ja.

"Ƙanwata, ya ƙi wucewa," in ji shi. "Bari in cire wannan alamar da ke tsakiyar sunan."

"Yaya, ai haka yake a takardata ta firamare."

"To, ya za mu yi? In ban cire ba, ba zai karɓa ba."

Da haka Asma'u ke komawa Asmau, Sa'adu ya koma Saadu, Rabi'u ya koma Rabiu, Ɗanladi ya koma Danladi. Fom ya wuce, layi ya matsa, kowa ya ce alhamdu lillahi. Sai bayan shekara biyu ko uku, ranar da za a buɗe asusun banki ko a karɓi sakamako, a ce sunan da ke wannan takarda bai yi daidai da na waccan ba. Daga nan sai zaryar kotu don rantsuwa, da biyan kuɗin sanarwa a jarida, da hutun aiki na kwana da kwanaki.

Wannan jan launi ba daga sama ya faɗo ba. Mutum ne ya zauna ya rubuta wa gurbin doka cewa kada ya karɓi komai sai haruffan Turanci 26. Masu gina shafukan intanet suna kiran wannan aiki tantance abin da aka shigar, kuma yana daga cikin ayyukan da ake gani ƙanana alhali su ne ke raba wanda zai shiga da wanda za a bari a waje. Fom mai gadi ne. Mai gadin kirki kuwa abu biyu ake nema a wurinsa: ya tare ɓarawo, kuma ya san 'yan gida.

Me ya sa sai an duba

Kafin a ɗora wa mai gadi laifi, ya kamata a san amfaninsa. Tun da aka tsara ƙa'idar HTML ta biyu a 1995, wato ƙa'idar rubuta shafukan intanet, wadda ta ƙunshi fom a hukumance, shafin intanet ya tashi daga abin karantawa kawai ya zama wurin da mutum ke miƙa bayani. Duk inda ɗan Adam ke rubutu kuwa, kuskure na biye da shi. Yatsa kan zame, ido kan tsallake layi, gajiya kan sa a rubuta lambar waya a gurbin lambar asusu.

Tambayoyin da fom ke yi kashi uku ne. Na farko, an cike gurbin ko an bar shi fayau? Na biyu, abin da aka rubuta ya yi kama da abin da aka nema, wato adireshin imel na da siffar imel, kwanan wata na da siffar kwanan wata? Na uku, wanda ya fi wuya, abin yana da ma'ana? Ranar 31 ga Fabrairu ta yi siffar kwanan wata, amma babu ita a kalanda. Mai shekara 3 ba ya neman lasisin tuƙi.

Kasuwar hannun jari ta Tokyo ta ɗanɗana kuɗarta a kan wannan tambaya ta uku. Ranar 8 ga Disamba 2005, wani ma'aikacin kamfanin Mizuho Securities ya so sayar da hannun jari guda 1 na kamfanin J-Com a kan yen 610,000. Sai ya musanya gurabun: ya sa hannun jari 610,000 a kan yen 1 kowanne. Adadin ya ninka duk hannun jarin da kamfanin J-Com ke da su fiye da sau 40. Lambobin sun cika siffa, domin lambobi ne a gurbin lambobi, sai dai hankali ba zai ɗauke su ba. Odar ta wuce, ƙoƙarin soke ta ya ci tura, kamfanin Mizuho ya tafka asarar kimanin yen biliyan 40. Da an gina katangar da ba ta barin a sayar da abin da ya fi wanda ke akwai, da ba a kai ga haka ba. Rigakafi ya fi magani.

Na kanti da ɗinkin tela

Burauza, wato manhajar da muke buɗe shafuka da ita kamar Chrome ko Firefox ko Safari, tana zuwa da gurabunta na asali: gurbin rubutu, akwatin zaɓi, jerin da ke saukowa idan an danna, maɓalli. Waɗannan kamar rigar kanti suke, an ɗinka an gama. Da ƙa'idar HTML5 ta tabbata a Oktoban 2014, an ƙara musu basira. Maginin shafi na iya cewa wannan gurbi dole ne a cike shi, wancan na imel ne, wannan kada ya wuce kaza, burauza kuma ta ɗauki nauyin dubawa da gargaɗi da kanta.

Amma masu tsara shafuka ba su cika gamsuwa da na kanti ba. Suna son gurbin lambar waya mai tutar ƙasa a gefe, da kalandar da ta dace da launin kamfani, da akwatuna shida na lambar sirrin da ake turowa ta saƙon waya, da jerin jihohi wanda da zarar ka zaɓi Katsina sai ƙananan hukumominta 34 su bayyana. Sai su koma wurin tela, su ƙera nasu gurbin da yaren gina manhaja na JavaScript. Wasu da kayan aiki irin su React, wanda Facebook ya fitar a 2013, wasu da tsarin ƙera sababbin gurabu da burauza kanta ta tanada.

A nan gizo ke saƙa. Gurbin kanti yana ɗauke da hidimomi da yawa waɗanda ba a gani. Ya san yadda zai miƙa abin da aka rubuta a cikinsa idan aka aika fom. Ya san ya hana fom tafiya idan akwai kuskure. Yana amsa allon rubutu ga wanda ba ya amfani da linzami. Yana gaya wa manhajar da ke karanta wa makafi allo sunansa da halin da yake ciki. Yana komawa fanko idan aka ce a share fom. Ranar da magini ya ajiye shi ya ƙera nasa, duk wannan kaya ya dawo kansa, ko ya sani ko bai sani ba. Da yawa sukan ɗinka abin da ido ke gani, su manta da sauran. Garin neman gira a rasa ido.

Shekaru da dama, gurbin da aka ƙera da hannu baƙo ne a cikin fom. Fom bai san da zamansa ba, ba ya ɗaukar abin da ke cikinsa, ba ya tambayarsa ko akwai kuskure. Dabarar da aka riƙa yi ita ce a ɓoye gurbin asali a bayansa, a riƙa kwafa masa bayani a asirce. Daga baya aka samar da hanya ta hukuma mai suna ElementInternals, wadda ke ba gurbin ƙirar hannu damar shiga fom a matsayin ɗan gida: ya miƙa abin da ke cikinsa, ya ce ga kuskuren da na gani, ga saƙon da za a nuna, ga inda za a mai da mai rubutu ya gyara. Chrome ta karɓi tsarin a 2019, Firefox a 2022, Safari a Maris 2023. Wato uzurin rashin kayan aiki ya ƙare. Sai dai akwai abin lura a ƙasashenmu: tsofaffin wayoyi da ba a sabunta burauzarsu ba suna nan birjik, kuma Opera Mini, da mutane da yawa suka saba da ita saboda tattalin data, ba ta gudanar da JavaScript yadda sauran ke yi idan tana yanayin matse shafi sosai. Gurbin da ya yi kyau a kwamfutar ofis na iya zama gawa a wayar mai shayi. Shi ya sa ƙwararru ke ba da shawarar a fara da na kanti, a ƙawata shi, kada a koma wurin tela sai da dalili mai ƙarfi.

Hamza da ɓarawo

Mu koma ga sunan Asma'u. Me ya haɗa magina da wannan ƙaramar alama har suke gudunta?

Yawancin bayanan da muke shigarwa suna zuwa ne rumbun bayanai, wanda ake yi wa magana da yaren SQL. A wannan yare, alamar da muke rubuta hamza da ita ce ke nuna inda zance ya fara da inda ya ƙare. Idan magini ya yi sakaci ya liƙa abin da mutum ya rubuta kai tsaye a cikin umarnin da zai tafi rumbu, to rumbun na isa kan hamzar Asma'u zai ɗauka sunan ya ƙare, sauran kuma umarni ne. A wurin mai gaskiya, abin da zai faru shi ne shafi ya rikice. A wurin mai kutse kuwa, ƙofa ce ta buɗe: sai ya sa alamar da gangan, ya bi ta da nasa umarnin, ya ce wa rumbu ya zazzage masa duk abin da ke ciki.

Wannan rauni ba sabo ba ne. An yi bayaninsa a fili tun 1998 a mujallar masu binciken tsaro ta Phrack. Ƙungiyar OWASP, wadda ke fitar da jerin manyan haɗurra 10 da ke fuskantar shafukan intanet, ta sa irin wannan cusa umarni a matsayi na 1 a jerinta na 2010 da 2013 da 2017. A Oktoban 2015, ta wannan kafa aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya, aka kai ga bayanan abokan hulɗa kusan 157,000. Tsofaffin shafuka ne da kamfanin ya gada lokacin da ya sayi wani kamfani, ba a kula da su ba. Hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci shi tarar fam 400,000 a 2016. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsoron na da tushe ke nan. Amma haramta alamar a gurbin suna ba ya toshe tsagar. Maganin da aka sani tuntuni shi ne a raba umarni da bayani: a aika wa rumbu umarnin daban, da guraben da aka ware, sannan a aika abin da mutum ya rubuta daban, ta yadda rumbu ba zai taɓa ɗaukar suna a matsayin umarni ba ko da hamza goma ke cikinsa. Kusan duk yaren gina manhaja da ake amfani da shi a yau yana da wannan tanadi. Haka nan idan za a sake nuna rubutun mutum a shafi, sai a tsarkake shi a daidai lokacin nunawa don kada burauza ta ɗauke shi umarni. Sakaci da wannan ne ya ba wani matashi, Samy Kamkar, damar sakin ƙwayar cutar kwamfuta da ta bazu a shafukan mutum fiye da miliyan 1 a dandalin MySpace cikin ƙasa da kwana guda a 2005.

Maginin da ya hana hamza ya bar rumbunsa a buɗe ya yi asara biyu. Ya kori Sa'adatu da Nafi'u da Ya'u, ya kori mutanen Ayilan masu suna irin O'Brien waɗanda su ma suka daɗe suna wannan kuka, ɓarawo kuma ya zagaya ya shiga ta wani gurbin.

Zaure da taska

Akwai gaskiyar da duk mai koyon wannan sana'a ya kamata ya haddace tun ranar farko: duk dubawar da ake yi a cikin burauza, a hannun mai waya take. Shafin ya riga ya sauka a na'urarsa. Yana iya buɗe cikinsa ya goge dokar, yana iya kashe JavaScript, yana iya ma ƙin buɗe shafin gaba ɗaya ya aika saƙonsa kai tsaye zuwa uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke karɓar bayanan.

Gidan Bahaushe ya isa misali. Yaron da ke zaure yana amsa sallama, ya ce wa baƙo ga tabarma, ya nuna masa ya yi ɓatan kai idan gidan maƙwabci yake nema. Aikinsa ladabi ne da sauƙaƙawa. Amma babu maigidan da zai bar taskarsa ba kwaɗo don akwai yaro a zaure, domin mai haurowa ta katanga ba ya sallama. Dubawar burauza ita ce yaron zaure: tana gaya wa mutum nan take cewa lambarsa ta rage ɗaya, ta cece shi daga jiran shafi ya tafi ya dawo. Dubawar uwar garke ita ce kwaɗon taska. Idan shafin kasuwanci ya hana a rubuta adadin kaya ƙasa da 1 a burauza kawai, mai wayo na iya aika adadi mai alamar ragi a gabansa, lissafi ya juye. Idan farashi na cikin abin da burauza ke aikawa kuma uwar garke ta yarda da shi ido rufe, to mai saye ne ke yanka wa kansa farashi.

Saboda haka dubawa sau biyu ake yi, kuma dole dokokin biyu su zama iri ɗaya. Babu abin da ke ƙona rai kamar gurbi ya nuna kore, a aika, sannan a dawo da saƙon cewa ba a karɓa ba, ba tare da an faɗi dalili ba.

Haruffa masu ƙugiya

Tsohon tsarin haruffan kwamfuta na ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, alamomi 128 ne kacal, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a cikinsu. A wancan zamani ana iya yin uzuri. Amma tsarin Unicode, wanda ya soma a 1991, ya ba kowane ɗaya daga cikin haruffan nan lambarsa tun farkon shekarun 1990, kuma a yau kusan duk shafukan duniya da shi suke aiki. Wayoyin da ke aljihunmu na iya rubuta su. Abin da ya rage shi ne ɗan layin doka da magina ke kwafowa daga tsofaffin darussa, mai cewa suna shi ne abin da ya ƙunshi A zuwa Z.

Ƙugiya ba ado ba ce. Ita ce ta raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari. Tana cikin sunayen mutane kamar Ɗanjuma da Ɗahiru, da na garuruwa kamar Ƙaura Namoda da Ƙanƙara da Ɗanbatta da Birnin Ƙonni. A Najeriya muna rubuta 'ya'ya da alamar sama, a Nijar suna rubuta ƴaƴa da harafi mai lanƙwasa, kuma fom ɗin da ke son hidimta wa Hausawa ya kamata ya karɓi duka biyun. Ita kanta alamar hamza ba ɗaya ba ce a wurin kwamfuta. Akwai miƙaƙƙiya, akwai mai lanƙwasa wadda wayoyin iPhone ke sakawa da kansu tun 2017. A ido kusan ɗaya suke, a rumbu lambobinsu daban. Aikin manhaja ne ta daidaita su a bayan fage, bai kamata a ɗora wa mai suna ba. Tun 2018 JavaScript ke da hanyar cewa a karɓi kowane harafi na kowane harshe, cikin 'yan alamomin da ba su kai tsawon kalma biyu ba.

Tsarin sunan ma abin dubawa ne. Fom ɗin da aka kwaikwayo daga Turai yana neman sunan fari da sunan dangi, kamar kowa na da sunan da zuriya ke gada. Mu kuwa mutum kan bi sunansa da na mahaifi, ko na kaka, ko na gari, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari da Sa'adu Zungur. Tafawa Ɓalewa kalma biyu ce, fom ɗin da ya hana tazara a gurbi ya karya ta. A 2010 wani maginin manhaja, Patrick McKenzie, ya rubuta maƙalar da ta shahara a tsakanin abokan sana'arsa, inda ya jero zato iri-iri marasa tushe da suke yi game da sunaye. Darasin da ke cikinta ɗaya ne: mai suna ya fi kowa sanin sunansa.

Gaskiya ne akwai wuraren da ke da ƙunci na dole. Layukan da na'ura ke karantawa a ƙasan fasfo, bisa ƙa'idar hukumar sufurin sama ta duniya, ba sa ɗaukar komai sai manyan haruffan A zuwa Z da lambobi da alamar cike gurbi, kuma ana sauke hamza a wurin. Amma hanyar da ta dace ita ce a adana sunan yadda mai shi ya rubuta, sannan manhaja ta fitar da siffar da na'ura ke buƙata daga gare shi. Ba a yanke ƙafa don ta shiga takalmi.

Lambobi ma na da halinsu

Lambar wayar Najeriya alƙaluma 11 ce idan an fara da 0, amma mutum na iya rubuta ta da +234 a gaba, ko ya raba ta da tazara. Duk ɗaya ne, kuma cire tazara aikin ƙiftawar ido ne ga kwamfuta. Ta Nijar alƙaluma 8 ce bayan +227, ta Chadi 8 bayan +235, ta Kamaru 9 bayan +237. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke sayayya a shafin wani kamfani na Kano ba zai iya ƙara wa lambarsa alƙaluma uku don ya faranta wa fom rai ba. Haka kuma dokar da aka rubuta lokacin da layuka ke farawa da 080 da 070 da 081 kawai takan ƙi masu 090 da 091 da suka zo daga baya, muddin ba a koma an sabunta ta ba.

Wani kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne ɗaukar lambar waya ko ta asusu a matsayin adadin lissafi. Kwamfuta na ganin adadi sai ta zubar da sifirin farko, 0803 ta koma 803. Lambar waya, da BVN da NIN masu alƙaluma 11, da lambar asusu ta NUBAN mai alƙaluma 10, duk sunaye ne da aka rubuta da alƙaluma. Ba a tara su, ba a raba su. Katin banki ma ba dole ya zama mai alƙaluma 16 ba, domin akwai katunan Verve masu 18 da 19. Wanda kuma ke rubutu da allon Larabci a Sudan ko Chadi na iya shigar da alƙaluman Larabci, waɗanda mai da su na boko ba wani aiki ba ne.

A nan ne kuma ake ganin tantancewa mai amfani. Alƙalamin ƙarshe na katin banki ana samo shi ne ta hanyar lissafi daga sauran, bisa dabarar da Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya ƙirƙira a shekarun 1950. Idan yatsa ya zame a alƙalami ɗaya, lissafin ba zai fita ba, fom ya gane tun kafin a tuntuɓi banki. Lambar NUBAN ma na da irin wannan alƙalami a ƙarshenta. Amma ya kamata a san iyakar abin: lissafi na nuna lambar ta yi siffa, ba ya nuna ta wane ce. Shi ya sa manhajojin banki ke nuna sunan mai asusu kafin a tura kuɗi, shi ya sa kuma babu hanyar tabbatar da imel ko lambar waya da ta wuce a aika saƙo a ga ko ya isa.

Kwanan wata na da nasa tarkon. Idan aka rubuta 03/04, mu 3 ga Afrilu muke nufi, Ba'amurke kuwa 4 ga Maris. Masu tsara shafukan gwamnatin Birtaniya, bayan gwaji da jama'a, sun zaɓi akwatuna uku masu suna a kai, rana da wata da shekara, don ranar haihuwa. Ya fi sauƙi a kan kalandar ƙawa wadda dattijon da aka haifa a 1958 zai yi ta dannawa baya kafin ya isa shekararsa.

Bakin da za a faɗi kuskure da shi

Ko mai gadi na da gaskiya, yadda ya yi magana na da muhimmanci. Saƙon da ke cewa an samu matsala kawai bai taimaki kowa ba. Saƙo nagari yana faɗin gurbin da abin ya shafa, da abin da ya faru, da yadda za a gyara: lambar asusu alƙaluma 10 ce, ka rubuta 9. Yana tsayawa kusa da gurbin. Ba ya fara tsawa tun mutum na kan harafi na biyu na imel ɗinsa, yana jira ya gama. Idan kuma shafin na Hausa ne, gargaɗin ma ya zo da Hausa.

Launi kaɗai bai isa ba. Akwai masu matsalar bambance ja da kore, akwai mai kallon allo a tsakar rana a kasuwa, akwai makaho da ke sauraron shafi ta manhaja irin su TalkBack ko NVDA. Ƙa'idojin sauƙaƙa intanet ga masu buƙata ta musamman, WCAG, sun wajabta a bayyana kuskure da rubutu, a kuma ba da shawarar gyara idan an san ta. Bugun 2023 ya ƙara da cewa kada a sa mutum ya sake rubuta abin da ya riga ya bayar a cikin aiki guda. Gurbin ƙirar hannu da bai sanar da manhajar karatu cewa yana ɗauke da kuskure ba ya bar makaho yana danna maɓallin da ba ya motsi, bai san dalili ba.

Sannan ga babbar ƙa'ida ga ƙasar da sabis ke ɗaukewa ba sallama: kada a share wa mutum abin da ya rubuta. Wanda ya cike gurabu 30 da datar da ya saya da guminsa, aka ce ya sake daga farko saboda kuskure a gurbi ɗaya, an zalunce shi.

Aikin na hannun 'ya'yanmu

A da muna iya cewa daga waje aka kawo mana waɗannan shafuka, waɗanda suka gina su ba su taɓa jin sunan Ƙaura Namoda ba. Yanzu ba haka abin yake ba. Matasa a Kano da Kaduna da Zariya da Yamai suna gina shafukan makarantu da asibitoci da kasuwanci, kuma rayuwa na ƙara komawa cikin fom: tun 2021 sai da NIN ake rajistar JAMB. Yaron da ke rubuta dokar gurbin suna a yau, wataƙila sunan mahaifiyarsa na da hamza, sunan garinsu na da ƙugiya.

Gwajin da zai yi ba ya buƙatar kuɗi. Kafin ya miƙa aiki, ya rubuta sunan kakarsa a gurbin yadda ake rubuta shi a gida. Ya sa lambar ɗan'uwansa na Damagaram. Ya ari tsohuwar wayar maƙwabci ya buɗe shafin da ita. Ya rufe ido ya saurari abin da manhajar karatu za ta faɗa. Sannan ya zagaya ta baya kamar ɓarawo, ya aika wa uwar garke shirme, ya ga ko kwaɗon zai riƙe. Idan ya yi haka, ranar da wata ɗaliba ta zo shagon intanet da takardunta a leda, mai shago zai rubuta sunanta yadda mahaifinta ya raɗa mata ranar suna, ya danna maɓalli, fom ya karɓa, ya ce na gaba ya matso.